Daƙiƙa Biyar Kafin Muryar Abba

Sallama gare ku, masu bibiyar labarina. Na ga saƙonninku sun taru, masu cewa "Auta, ina kika shige kwana tara?" da masu tambaya ko an fasa ne. Ba tafiya na yi ba, ba kuma ciwo ne ya kwantar da ni ba. Kunya ce ta hana ni leƙowa. Yau dai zuciyata sakayau take, don haka zan faɗi abin da na aikata tiryan-tiryan. Wadda za ta zage ni ta zaga, ni ma na riga ta zagin kaina.

Ga wanda yau ne farkon shigowarsa, ni ce autar gidanmu, kuma Auta kowa yake kirana, har mai kawo mana gas. Ni da Mama ne kawai a gidan yanzu. Yaya yana can da iyalinsa a wata unguwa, amma kullum ƙafarsa tana gidanmu, bakinsa kuma ya fi ƙafar zuwa. Abba ya rasu shekara biyu da rabi ke nan. Sai Mai Tabarau, wanda nake so, wanda ya riga ya durƙusa gaban Mama ya ce aurena yake nema. A shagon gilashin ido yake aiki, shi ne mai yanka gilashi ya ɗora a firam, kuma ba za ka taɓa ganinsa babu 'yan ƙananan sukudireba uku a aljihun gaban rigarsa ba. Yaya bai taɓa sakar masa fuska ba. Wai shiru-shirunsa ya yi yawa, wai mutumin da ba ya musu akwai abin da yake ɓoyewa.

To, sai na ba ku labarin kwamfutar Abba, in ba haka ba ba za ku gane girman ɓarnar ba.

Abba shekara talatin ya yi yana haɗa sauti a gidan rediyo. Yana da wata tsohuwar laftof baƙa mai nauyi kamar turmi, wadda ya raba cikinta gida biyu. Ɓangare ɗaya Windows, wanda mu yara muke amfani da shi. Ɗayan Linux, nasa, inda yake gyaran sautinsa. In ka kunna ta, sai wani baƙin allo ya fito da layi biyu, na Abba a sama, namu a ƙasa, tana ƙirga daƙiƙa biyar. In ba ka taɓa komai ba ta shige ɓangaren Abba. In namu kake so, sai ka yi maza ka danna kibiyar ƙasa kafin ƙirgan ya ƙare.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya kuma gane inda aka dosa, sai ya riƙa rufe ƙofar ɗakinsa yana magana shi kaɗai. Mun ɗauka karatu yake yi. Ashe saƙonni yake naɗar wa Mama, har guda ɗari da arba'in da ɗaya, kowanne da lambarsa. Kar ku ɗauka kalaman soyayya ne irin na littafi. Abba ba haka yake ba. Lamba goma sha bakwai a kan tankin ruwa ne, yadda za ta gane ya cika ba sai ta hau tsani ba. Lamba talatin a kan inda takardun gida suke. Lamba hamsin da biyu kuwa cewa ya yi, "Kar ki bar babban ɗanki ya taɓa wayar wuta. Bai iya ba, kuma ba zai taɓa yarda bai iya ba." Ya saita kwamfutar yadda da ta shiga ɓangarensa, jerin saƙonnin zai buɗe da kansa da manyan haruffa, don Mama maɓalli uku kawai ta sani a duniyar kwamfuta: na kunnawa, kibiya, da babban nan na dama.

Kullum da safe, in ta gama addu'o'inta, sai ta zauna a kujerar da ke kusa da taga da kofin shayinta, ta kunna, ta harɗe hannu tana jiran daƙiƙa biyar ɗin nan. Tsofaffin take maimaitawa. Sabo kuwa sai ranar Laraba, guda ɗaya tak, don ranar Laraba ya rasu. Haka take tattalinsu kamar mai tsoron kar gishiri ya ƙare. Saura goma sha ɗaya da ba ta taɓa ji ba.

Ranar Lahadin da ta wuce waccan, Mai Tabarau ya zo gaishe ta, sanye da farar riga mai dogon hannu da ya naɗe zuwa gwiwar hannu. Yana zaune ya ji fankar kwamfutar tana gurnani.

"Mama, ƙura ce ta cika mata ciki. In kin yarda in share miki."

"Ka iya kuwa?"

"Ƙusoshinta sun fi na tabarau girma, Mama."

Ta yi dariya ta miƙa masa. Ya shimfiɗa hankicinsa a kan teburin falo, ya jera ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya share, ya mayar. Ƙarar ta ɗauke ɗif. Ranar har ƙofa Mama ta raka shi tana sa masa albarka, ni kuwa ina bayan labule baki har kunne.

Washegari Litinin ina da jarrabawar wani kwas da nake yi ta intanet, ƙarfe goma, kuma dole sai da kyamara. Mama ta gama sauraronta lafiya lau, ta shiga wanka. Na kunna, na shiga ɓangarenmu, kyamara ta ce ba ta san zance ba. Goma saura kwata. Na ɗauki waya na nemo wani bidiyo, wani mutum yana bayani da sauri kamar ana korarsa: kashe, kunna, danna F2, wani shuɗin allo zai fito, danna F9, ka amince, shi ke nan komai ya koma yadda aka ƙera shi. Ban tsaya tambayar kaina me "komai" yake nufi ba. Na danna. Kwamfuta ta tashi ta wuce ɓangarenmu kai tsaye, har na ji daɗi ban sha wahalar kibiya ba. Kyamarar ma ashe ɗan murfinta ne a rufe, da farce na ture shi. Na yi jarrabawata na kashe, na manta da zancen.

Talata da safe ina kicin na ji Mama ta kira ni da wata murya da ban san ta da ita ba.

"Auta, zo ki ga. Baƙin allon bai zo ba."

Na kashe na kunna. Na sake. Sau biyar. Kowane karo sai ta zarce ɓangarenmu kamar ba ta taɓa sanin Abba ba. Na shiga na duba ko'ina, babu jerin, babu alamar ɓangarensa. Ni kuwa tun a karo na biyu na tuna shuɗin allon jiya. Mama ba ta yi kuka mai sauti ba. Shayinta kawai ta ture gefe ta zuba wa allon ido, hawaye yana bin kumatunta.

Kafin awa ɗaya Yaya ya iso, ko hular kirki bai tsaya sawa ba. Ya karɓi kwamfutar ya dudduba, shi da bai fi ni sanin komai ba, ya ɗago.

"Wayam. An goge. Wa ya taɓa ta?"

Mama ta share ido. "Yaron nan ne dai ya buɗe ta shekaranjiya."

"Na faɗa. Ban faɗa ba? Mai gyaran tabarau ina ruwansa da cikin kwamfuta?"

Masu karatu, a nan ne. Daidai nan ya kamata in ce ni ce. Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe. Sai na kalli fuskar Mama, na ji ba zan iya zama wadda ta kashe mata Abba karo na biyu ba. Na ce bari in jira minti ɗaya ta ɗan lafa. Minti ya zama awa. Kafin azahar Yaya ya riga ya kira Mai Tabarau ya wanke shi tas, ya ce kar ya sake taka ƙofar gidanmu. Mama tana ji ba ta hana ba. Da yamma ta ce min, ba tare da ta kalle ni ba, "Zancen zuwan danginsa a dakata tukuna. Ba na jin zan iya kallon fuskarsa."

Kun san me Mai Tabarau ya turo min?

"Ki ba Mama haƙuri. Ba zan yi musu da Yaya ba. In an bar ni in duba ta, zan zo ko da a bakin ƙofa ne."

Na rubuta "ni ce" na goge. Na sake rubutawa na goge. Abin da na tura shi ne, "Ka bari ta huce." Ku ji fa. Ni da na yi ɓarnar ni ce nake ba shi shawarar haƙuri.

Kwana tara haka. Mama ta naɗe kwamfutar cikin tsohon tawul ɗin Abba ta ɗora saman kwaba. Da safe takan zauna a kujerar taga yadda ta saba, sai dai babu abin da take jira. Laraba biyu suka wuce a haka. Ni kuwa abinci ya daina min daɗi, siket ɗina na aiki har sai da na kama shi da fil. Kullum ƙarfe bakwai saƙonsa zai shigo: "Ina kwana. Ya jikin Mama?" Babu ƙorafi, babu tambaya. Da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Jiya Laraba Yaya ya shigo da sabon shiri. Wai yana da aboki da zai zo ranar Asabar ya wanke kwamfutar gaba ɗaya ya zuba sabuwar manhaja, wai in an yi haka wani lokaci abin da ya ɓace yakan dawo. Ni ban san kwamfuta ba, amma na san ba a neman abin da ya faɗa rijiya ta hanyar cike rijiyar da ƙasa. Na kira wata abokiyar aikina a makarantar yaran da nake koyarwa, ta ce akwai wata mata mai gyara da ake kira Injiniya, in je wurinta kafin kowa ya sake taɓa komai.

Yau Alhamis Yaya ya zo ya ɗauki Mama zuwa awon jini. Motarsu tana fita na taka kujera na sauko da ƙunshin tawul ɗin. Na zura doguwar rigata ruwan toka, wadda ba na sawa sai in ba na son a lura da ni, na yafa baƙin mayafi, na rungume jakar a ƙirji kamar jaririya.

Shagon yana hawa na biyu a wani bene da masu sayar da waya suka cika ƙasansa, kowa yana kiranka "zo ki gani, anti". Ɗan tsukukun ɗaki ne, matattun kwamfutoci jibge har rufi, da butar lantarki a kan wata tsohuwar firinta. Injiniya za ta kai shekara hamsin, gajeriya, da biro soke a gefen ɗankwalinta da riga mai manyan aljihu. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Me ya same ta?"

"An goge mata ɓangare guda, Anti. Da biyu ne."

"Wa ya goge?"

"Wani ne ya buɗe ta ya share fanka."

Sai a lokacin ta kalle ni. "Share fanka ba ya goge komai, 'yata. Kamar ki ce an share tsakar gida sai kayan cikin akwati suka ɓace ne. Wa ya shiga saitinta?"

Na sunkuyar da kai. Abin mamaki, maganar da ta gagare ni kwana tara a gaban uwata, a gaban baƙuwa sai ta zubo da kanta. Na gaya mata jarrabawar, da bidiyon, da F9, da saƙonni goma sha ɗaya, da wanda aka kora saboda ni. Ta saurara tana juya cokali a kofi.

"Bayan nan wani ya zuba mata wani abu? Kwamfutar ta tambaye ku a goge wani wuri kuka amince?"

"A'a. Amma ranar Asabar za a wanke ta."

"To Allah ya taimake ku da kika riga Asabar zuwa. Jawo kujerar nan. Ke kika danna, ke za ki mayar, ni baki kawai zan sa."

Ta ce in kunna, da allon ya haska in riƙa danna F12 ba ƙaƙƙautawa. Na yi yadda ta ce. Wani ɗan akwati ya fito da sunaye biyu. Ta sa bakin biro a kan na ƙasa.

"Wannan na waye?"

Na matso na duba. Sunan ɓangaren Abba ne.

"Kin gani? Yana nan inda ya bar shi. Kwamfuta tana da jerin da take bi in ta tashi, wa za ta fara kira, wa zai biyo baya. Mahaifinki ya sa nasa a sama, shi ne mai kawo baƙin allon. Da kika danna F9 kin mayar da jerin yadda kamfani ya tsara, sai naku ya hau sama. Shi kuma naku ba ya tsayawa tambaya, wucewa yake yi."

"Amma mun duba ciki babu komai, Anti."

"Daga ɓangarenku kuka duba. Naku bai iya karanta rubutun wancan ba, sai ya yi kamar bai gan shi ba. Danna."

Na sauko da kibiya na danna. Allon ya yi duhu, sai ga wani jan akwati da rubutun gargaɗi, ya ƙi wucewa. Na ce shi ke nan, an nuna min ƙofa an rufe.

"Ke, share hawayen nan, za ki jiƙa min teburi," in ji Injiniya. "Wani makullin tsaro ne da shi ma F9 ɗinki ta mayar. Manhajar mahaifinki tsohuwa ce, makullin bai san ta ba, shi ya sa tun asali ya kashe shi. Mutumin ya san aikinsa. Kashe ki kunna, yanzu F2."

Shuɗin allon nan da ya hana ni sukuni ya bayyana. Ta nuna min shafin tsaro, na kashe makullin. Ta nuna min shafin jerin tashi, na ɗora kan sunan Abba, na danna F6 sau ɗaya, ya haura sama ya zauna a mazauninsa. Ta ce in karanta abin da ke kan allon da ƙarfi kafin in danna F10, wai daga yau kar in sake amincewa da tambayar da ban karanta ba. Na karanta, na adana.

Kwamfutar ta mutu, ta farfaɗo. Sai ga baƙin allon, layi biyu, da ƙirga a ƙasa. Biyar, huɗu, uku. Ban taɓa sanin daƙiƙa biyar tana da tsawo haka ba. Jerin ya buɗe da manyan haruffansa, ɗaya har ɗari da arba'in da ɗaya, babu wanda ya yi ko ƙwarzane. Injiniya ta danna na farko don gwaji. Aka yi gyaran murya, irin wanda Abba yake yi kafin ya yi mana faɗa, sannan ya ce, "Lamba ɗaya. Kina ji na?"

Na kifa kaina a kan teburin na yi kukan da na kwana tara ina haɗiyewa. Amma kukan daɗi ne, masu karatu. Injiniya ta bar ni na yi mai isata, tana ta aikinta. Ta kwafe saƙonnin duka a filasha biyu, ta ce ɗaya a gida, ɗaya a wani gidan daban. Ta sa na kashe kwamfutar gaba ɗaya na kunna har sau uku, kowane karo baƙin allon yana zuwa. Sannan ta yago farin salatif ta rubuta, "F12 zaɓi. F2 saiti. F9 a'a," ta manna a ƙarƙashinta.

Ina naɗe tawul ta ce, "A gida kina iya cewa saiti ne ya juya. Ba ƙarya kika yi ba." Ta mayar da biro gefen ɗankwali. "Sauran kuma ba gyarana ba ne."

Na riga su isa gida da kamar minti ashirin. Na goge teburin taga, na ajiye kwamfutar, na jona caji, na dafa shayi. Da suka shigo Mama ta tsaya cak a bakin ƙofa, jakar magani a hannunta.

"Wa ya sauko da ita?"

"Ni ce. Mama, zauna ki kunna."

"Auta, kar ki sake tayar min da..."

"Don Allah, maɓalli ɗaya."

Ta zauna ko mayafi ba ta cire ba. Ta danna. Da baƙin allon ya fito sai ta dafe ƙirji, leɓɓanta suna ƙirgawa tare da shi. Jerin ya buɗe. Ta yi ta sauka da kibiya, ba ta tsaya ba sai a lamba ɗari da talatin da ɗaya, sabo, duk da yau ba Laraba ba ce. Muryar Abba ta cika falon, a gajiye amma da tsokanarsa. Wai bishiyar lemon bayan gida ba ta son ruwa kullum, wai Mama ce take kashe ta da kirki, ta riƙa ba ta sau biyu a mako ta ƙyale ta. Mama tana dariya tana hawaye tana cewa, "Ji shi, ji shi fa. Shi da bai taɓa riƙe bokiti ba."

Yaya yana tsaye kamar an dasa shi. Na ba su bayanin Injiniya a taƙaice, na ce jerin tashi ne ya juya, babu abin da ya goge. Na ƙara da cewa da an wanke ta ranar Asabar da shi ke nan har abada. Ya cire hula ya sosa ƙeya, ya mayar, ya zauna a hannun kujera. Ban taɓa ganin Yaya ya rasa ta cewa ba sai yau.

Na ji komai ya daidaita. Muryar Abba ta dawo, Mama tana dariya, babu wanda ya tambaye ni komai. Har na fara lissafin yadda zan lallaɓa in bar zancen ya mutu a haka. Sai Mama ta goge fuska da gefen mayafi ta ce, "Yaron nan kuma, ki kira shi. Ki ce masa kuskure ne, kowa yana yi. Na yafe masa."

Wannan kalmar ce ta ƙarasa ni. Ta yaya zan ɗauki yafiya in kai wa mutumin da bai yi laifi ba? In ya ce "na gode", da wace fuska zan ci gaba da kallonsa shekara da shekaru? Na zame daga kujera na durƙusa a gabanta.

"Mama, ba shi ba ne. Ni ce. Ranar Litinin kina wanka na shiga saitin. Tun ranar Talata na sani."

Yaya ya miƙe.

"Kina nufin kina tsaye na kira bawan Allah nan na..."

"Zauna," in ji Mama. Ba ta ɗaga murya ba, amma ya zauna.

Ta juyo gare ni. Na shirya wa mari, na shirya wa faɗa. Abin da ta ce shi ne, "Da ranar kika faɗa, da na yi fushi zuwa la'asar na huce. Ke 'yata ce, ina zan kai ki? Shi kuwa ɗan mutane ne, kika bar ni na ɗauki alhakinsa kwana tara." Ta sa hannu ta ɗago haɓata. "Amma kin faɗa lokacin da babu wanda zai kama ki. Wannan ma na gani. Tashi."

Na tashi. Ta rufe kwamfutar a hankali, ta gyara zaman mayafinta, ta nemi takalminta na fita.

"Ina za ki, Mama? Yanzu fa kika dawo daga asibiti," in ji Yaya.

"Shagon tabarau. Ba a waya zan ba shi haƙuri ba. Kai da ka kore shi kai za ka tuƙa mu, ka kuma fara shiga. Ke kuma ki wanke fuskarki, da bakinki za ki gaya masa."

Na canza zuwa rigata shuɗiya mai ƙananan furanni, don ba zan je in faɗi laifina kuma in je a yamutse ba. Muka shiga mota. Yaya yana tuƙi a hankali kamar ɗan koyo, Mama tana gaba tana jan carbi, ni ina baya da waya a hannu. Na ga bai kamata mu faɗo masa haka ba shiri, sai na rubuta: "An gyara. Saƙonnin Abba duka suna nan. Muna hanyar shagonku da Mama da Yaya. Akwai abin da zan gaya maka, mai nauyi ne."

Alamar ya karanta ta fito nan take. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa. Mun wuce shatale-tale, mun shiga layinsu, har ina hango allon shagon mai hoton ido, sannan wayar ta yi motsi.

"Alhamdu lillahi. Na yi wa Mama murna har raina. Abin da za ki faɗa kuma na san shi, don na san abin da hannuna ya taɓa da wanda bai taɓa ba, kuma ku biyu ne a gidan. Kwana taran nan ba hucewar Mama nake jira ba, Auta. Ke nake jira."

Yaya ya kashe mota. Ta cikin gilashin shagon na hango shi tsaye bayan kanta, ya ajiye wayar, yana warware hannun rigarsa yana ɓalla maɓallan saboda Mama. Bai yi murmushi ba, bai kuma haɗe rai ba. Mama ta buɗe ƙofa ta sauka, ta leƙo ta taga.

"Sauko mana. Ko sai na ƙirga miki?"

Na sauko.